Mai Baho a Bangon Tsakiya

"Ku ɗaga hagu kaɗan. Hagu na ce, bawan Allah, hannun da ba ka cin abinci da shi!"

Kafinta yana kan tsani, fensir a bayan kunne, guduma a ɗamara. Leburori biyu da mai gadi suna ta nishi a ƙasa, sun tallabo wani hoto mai tsayin ƙofa da faɗin ƙofa uku. Da ƙyar wayar ƙarfen da ke bayansa ta hau kan ƙugiya. Kafinta ya aza ma'auninsa mai ɗigon ruwa a saman firam ɗin, ya ga ɗigon ya tsaya cak a tsakiya, sannan ya ce su saki.

Shekara goma sha tara ke nan yana rataye hotuna a wannan gidan baje kolin zane-zane, kuma a tsawon shekarun nan bai cika kallon gaban hoto ba. Shi da baya yake hulɗa, inda waya da ƙugiya da nauyi suke. Gaba kuwa, in ji shi, na masu takalmi mai ƙwas-ƙwas ne, waɗanda za su tsaya gaban ɗigon baƙin fenti su riƙe haɓa su yi ta girgiza kai. A makon nan kaɗai ya rataye akwatunan tafiya arba'in daga silin, kowanne da cikin hannu na ƙasa a ciki. Ya manna tsofaffin fasfo ɗari biyu a bango. Ya jera wayoyin tarho na da a wani ɗaki, waɗanda in ka ɗaga za ka ji muryar wani a ƙasar waje yana rantsuwa cewa baɗi zai dawo gida. Bai tambayi kowa dalili ba, tunda ba a ɗauke shi aikin tambaya ba.

Abu ɗaya ne kawai yake sa shi duban gaba. In ya gama, sai ya ja da baya taku goma, ya rufe ido ɗaya, ya tabbatar abin bai karkace ba. Yau ma haka ya yi. Sai dai idon da ya rufe ya buɗe da kansa.

Tsohon hoto ne na zamanin mulkin Turawa, an faɗaɗa shi har kana iya ƙirga maɓallan rigar mutum. Ga Bature zaune a kujera da hular kwano a gwiwa. Ga wani mai babbar riga da takalmi tsaye kusa da shi, littafi a hammata. A bayansu 'yan dako shida ne ba takalmi, kowa da kaya a ka. Na ƙarshe daga dama saurayi ne da yagaggen gajeren wando, ya kifa ƙaton bahon wanka na ƙarfe a kansa, yana dariya har wushiryarsa ta fito. Kunnuwansa sun buɗe gefe da gefe kamar hannayen tukunya.

Kafinta ya kai hannu ya shafa nasa kunnen. Babansa ne, ba ko shakka. Bai taɓa ganin mahaifinsa yana saurayi ba, hotonsa ɗaya ne a gida, na katin shaida, lokacin haƙora sun zube. Amma kunnuwan nan ba sa ɓuya, duk gidansu da su ake gane su a makaranta.

"Ya yi daidai?" in ji mai gadi.

"Bai yi ba," in ji Kafinta. "Ko kusa bai yi ba."

Ga abin da ya sa bai yi ba. Autarsa ta samu manemi, yaron kirki, ma'aikacin asibiti, amma ubansa Hedimasta ne mai ritaya, mutumin da ke auna dangi kamar yadda yake auna takardun jarrabawa. An ce ya taɓa fasa auren babban ɗansa ana saura wata guda, don kawai ya ji cewa kakan yarinyar ɗan kamasho ne a tasha. Ranar da ya zo gaisuwa gidan Kafinta ya kwashe awa guda yana jero kakanninsa, wannan alƙali, wancan akawu, har shayi ya huce. Da ya gama sai ya juyo ya ce, "To ku fa?" Kafinta ya daɗe yana gaya wa mutane cewa babansa ya yi aiki da Turawa, ya tsaya nan. Ranar dai bakinsa ya ƙara gaba. Ya ce tafinta ne, shi ke fassara wa Bature magana. Matarsa ta ƙware da shayi har aka bubbuga mata baya. Hedimasta ya gyaɗa kai, ya ce madalla, ashe gidan boko ne tun asali. Har yanzu dai ba a sa rana ba, Hedimasta ya ce yana nazari.

Don ya ƙara wa nazarin gishiri, Kafinta ya roƙi Manaja, shugaban gidan baje kolin, katin gayyata huɗu masu ruwan zinare, ya kai wa Hedimasta har gida da hannunsa. Ƙarfe huɗu na yamman yau za a buɗe baje kolin. Yanzu sha ɗaya ta wuce.

Ya samu mai zanen da ake baje kolin aikinta a ɗakin wayoyi tana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ce da ba za ta wuce talatin da 'yan kai ba, a ƙasar waje aka haife ta, a can ta girma. Hausarta a bakin kakarta ta koya, saboda haka in ta buɗe baki sai ka waiga neman tsohuwar da ta yi magana. Manaja ma, mai furfura, "ɗan nan" take ce masa.

"Ranki ya daɗe, bangon tsakiyar nan ba shi da ƙwari," in ji Kafinta. "Hoton ya yi masa nauyi. Akwai bango mai kyau ta can baya, hanyar banɗaki. Kowa ya zo sai ya bi ta wajen."

"Ni 'yasu! Baba, wannan hoton ai shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. In bango ba zai ɗauka ba, a rushe a gina wani."

Ta ja hannun rigarsa har gaban hoton, ta nuna mai babbar riga da ɗan yatsa, ba ta ko kalle shi sosai ba.

"Ka ga wannan? Kakana ne. Shi ne tafinta."

Kafinta ya kau da kai daga hoton. "Allah sarki. Kin gaji arziki."

"Arziki? Abin kunya na gada, Baba. Shekara shida ina yawo ɗakunan ajiyar takardu a kan mutumin nan, duk takardar da na buɗe sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi an rubuta sunansa, an rubuta na Bature, har na dokin Bature an rubuta. Waɗannan bayin Allah shida kuwa ko harafi." Ta nuna wasu fararen katuna shida da za a manna a ƙarƙashin hoton, da biro ɗaure da zare. "Duk wanda ya gane ɗaya daga cikinsu ya rubuta sunansa. Wallahi da za a ba ni zaɓi, da jikar mai bahon nan zan zama."

Kafinta ya dube ta da kyau ko wasa take yi. Ba wasa take yi ba, idonta har ya kawo ruwa. Ya ce a ransa duniya da faɗi take, wani na gudun abu wani na nemansa da fitila.

Tunanin fitila ne ya kawo masa dabara. Fitilun zauren a kan dogon ƙarfe suke a silin, kuma shi ke juya su. Tana ba da baya ya sake hawa tsani, ya karkatar da biyu, ya kashe ɗaya. Haske ya taru a kan Bature da tafinta, gefen dama ya faɗa cikin inuwa, ba ka ganin komai sai ɗan ƙyallin gindin baho. Ya sauko, ya rufe ido ɗaya, ya ji numfashinsa ya dawo.

Bai gama naɗe tsanin ba ya ji ta a bayansa. Ta tsaya tana kallon hoton, hannu a ƙirji, har ya fara tunanin inda zai nemi wani aikin.

"Baba," ta ce a hankali, "ashe kai ma mai zane ne ka ɓoye. Dubi abin da ka yi! Haka tarihi ya yi musu, ya haska biyu ya bar shida a duhu." Ta tafa hannu. "To yau mu juya shi. Ɗauke na kan Bature. Ɗauke na kan kakana. Duk fitilun nan uku a ɗora su a kan mai baho."

"Duka ukun?"

"Akwai ta huɗu?"

Akwai, kuma da hannunsa ya ɗauko ta daga sito. Da ya gama, tun daga ƙofar shigowa babu abin da ido ke fara cin karo da shi sai mahaifinsa, da baho, da wushirya, da kunnuwa kowanne kamar faranti.

Ya fita bayan gini wajen injin wuta ya kira matarsa.

"Uwar yara, ki aika gidan Hedimasta a ce an ɗaga taron."

"An ɗaga?"

"Ba a ɗaga ba. Ki dai ce an ɗaga."

"Mutumin da tun jiya ya kai rigarsa guga? Ɗansa ya ce wa Auta har jawabi ya rubuta, ko da za a nemi wani ya yi. Me ya faru?"

Ya gaya mata. Sai ya ji wani sauti da ya ɗauka kuka ne. Dariya ce take ƙoƙarin dannewa.

"Baba da bahonsa? A bango? Wayyo Allah cikina!"

"Auren 'yarki ne zai lalace kina dariya."

"Ni na ce tafinta ne? Kowa ya haɗiye taɓarya ai ya kwana tsaye. Mu dai ƙarfe huɗu muna nan, ni ma ina so in ga surukina, na yi kewarsa."

Ta kashe wayar. Kafinta ya tsaya yana kallon injin wuta, ya yi tunanin abin da zai faru in mai ya ƙare a ciki daidai ƙarfe huɗu. Sai ya tuna Manaja ya sa an cika shi da safe, kuma shi ya riƙe mazurari.

Kafin la'asar ya yi wanka a famfon baya, ya sa farar rigarsa ta zuwa taro. Ya je wajen mai gadi ya ari hular sanyi mai kauri, irin ta saƙa, ya ja ta har ta rufe kunnuwa. Mai gadi ya dubi rana, ya dubi Kafinta.

Mutane suka cika zauren. Ga malaman jami'a, ga 'yan jarida da kyamarori, ga mata masu manyan tabarau suna shan lemo a ƙananan kofuna. Hedimasta ya iso ƙarfe huɗu saura minti biyar, da sandarsa da takarda naɗe a aljihu, ɗansa na biye. Matar Kafinta da Auta suka shigo bayansu. Matar na ɗaga ido ta hango bangon tsakiya, sai ta toshe baki da mayafi ta koma bayan ginshiƙi.

"Lafiya da hula a wannan zafi?" in ji Hedimasta.

"Mura ce, ranka ya daɗe. Bismilla ta nan, akwai akwatuna masu ban mamaki."

Ya zagaya da shi ƙarƙashin akwatuna sau biyu. Ya kai shi bangon fasfo, inda Hedimasta ya karanta bayanin da ƙarfi ya gano waƙafi biyu da ba a sa daidai ba. Ya shigar da shi ɗakin wayoyi ya sa shi ya saurari guda tara. A ta goma Hedimasta ya ajiye, ya ce duk maƙaryata ne, babu wanda zai dawo, ƙanensa ma haka yake cewa shekara talatin. Ya fito ya miƙe sak zuwa inda jama'a suka fi taruwa, Kafinta na binsa yana ba shi labarin wani kyakkyawan bango a hanyar banɗaki.

Hedimasta ya tsaya gaban hoton, ya gyara tabarau. Mai baho bai dame shi ba, ko da fitila huɗu. Idonsa ya tsallake haske ya shiga duhu, ya nemo mai takalmi da littafi, don shi irin mutanen da yake gani ke nan. Ya sunkuya ya karanta bayanin. Ya ɗago da murna, ya ɗaga murya irin wadda ya saba tara ɗalibai da ita.

"Tafinta! Shekarun ma sun yi daidai. Malam, ba dai mahaifinka ba ne wannan?"

Kafinta ya buɗe baki. Ya ga Auta tsaye kusa da saurayinta tana murɗa bakin gyale. Kansa ya yi wani motsi wanda shi kansa bai san ko e ne ko a'a ba.

"Allahu akbar!" in ji Hedimasta. "Jama'a, ga ɗan tafintan nan a tsakaninmu, yana ta ɓoye kansa don kawaici!"

Kofin lemo ya faɗi a wani wuri. Mai zane ta ratso mutane, ta tsaya gaban Kafinta tana kallonsa.

"Baba, da gaske? Kakata ta sha faɗa mini cewa auri-saki ne, duk garin da suka yada zango sai ya bar iyali. Ashe shi ya sa ka so a kai shi hanyar banɗaki! Ashe shi ya sa ka kasa kallonsa!" Ta kama hannunsa da hannu biyu. "Kawu! Kawuna! Mako guda kana ɗauke da wannan nauyi kai kaɗai."

Kafin ya ce uffan an miƙo mata makirfo, ta jawo shi gaban hoton, ƙarƙashin fitilu huɗun da ya ɗaura da kansa. Zufa ta fara gangarowa daga cikin hular sanyi. Hedimasta ya matso ya tsaya daf da shi, ƙirji a gaba, hannu ɗaya a kan takardar jawabinsa.

"Jama'a," in ji mai zane, "na ɗauka ni kaɗai ce zan tsaya a nan in faɗi abin da jininmu ya aikata. Allah ya kawo mini ɗan'uwa. Bari ku ji ko wane ne mutumin da ya haifi kawuna."

Ta buɗe wani ɗan littafi ta fara. Ta ce in talakawa sun zo kukan haraji ya yi musu yawa, tafinta sai ya gaya wa Bature cewa godiya suka zo yi, suna roƙon a ƙara. Hedimasta ya ja baya taku ɗaya. Ta ce duk ƙauyen da suka shiga sai ya karɓi kaji da ƙwai da sunan Bature, alhali Baturen ba ya cin ƙwai. Hedimasta ya ƙara taku. Ta ce wanda ya hana shi kaza, ɗansa ake ɗauka aikin dole. Kafin ta rufe littafin Hedimasta ya kai ƙarƙashin akwatuna, yana duban silin kamar wanda ya zo gyaran wuta. Ya yafito ɗansa da sanda, yaron ya bar gefen Auta a hankali yana waiwaye.

Kafinta ya ga haka da idonsa. An gudu ba a tsira ba. Ƙaryar da ya yi don ta ɗaura aure ita ce ke kwance shi, gaskiyar kuma tana bayansa da yagaggen wando.

"Da hannunsa ya zaɓo waɗannan shida," mai zane ta ci gaba, muryarta na karyewa. Ta juya ta nuna sama. "Ku dubi wannan yaro mai baho. Wa ya san inda ya ƙare? Wataƙila a hanya ya faɗi aka tura shi rami. Wataƙila bai bar baya ba. Babu ɗa, babu jika, babu wanda zai tuna ya taɓa zuwa duniya."

"Sha ɗaya," in ji Kafinta.

Makirfo na kusa da bakinsa, maganar ta cika zauren. Shi ma sai da ya firgita.

"Kawu?"

"'Ya'yansa goma sha ɗaya. Jikoki kuwa an daina ƙirgawa. Bai faɗi a hanya ba, a kan gadonsa ya rasu yana da shekara tamanin da bakwai, bayan ya ci abincin rana ya nemi ƙari." Ya yi gyaran murya. "Ni ba kawunki ba ne, 'yata, ki yi haƙuri. Ni ne na bakwai a gidan mai baho."

Ya kai hannu ya cire hular sanyi. Kunnuwan suka buɗe, jajaye saboda matsi.

Mutane suka dubi bango, suka dube shi, suka sake duban bango. Daga bayan ginshiƙi matarsa ta saki dariyar da take riƙewa tun rana, wata mai tabarau ta kama, sai ga zauren gaba ɗaya ya ɗauka, dariya da tafi a haɗe. Mai zane ta durƙusa har ƙasa a gabansa tana kuka, ya rasa yadda zai yi da ita, ya yi ta cewa, "Tashi, tashi, za ki ɓata wandonki." 'Yan jarida suka yo kansa. Wani farfesa ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, yana cewa yau ya ga tarihi da ƙafafu. Manaja, wanda shekara goma sha tara bai taɓa ba shi kujera ba, ya jawo masa tasa.

Kafinta dai Auta yake nema da ido. Ya hango ta ita kaɗai gefen bangon fasfo, hawaye a fuska amma tana murmushi. Zuciyarsa ta karye, don ya san abin da ya jawo mata.

Sai ya ji sanda tana buɗa hanya a cikin mutane.

"A gafarce mu, a gafarce mu, dangi ne." Hedimasta ya kutso tsakanin farfesa da Manaja, ya dafa kafaɗar Kafinta, ya fuskanci kyamara mafi girma. "Ni surukinsa ne. Ɗana ne zai auri jikar wannan gwarzo da kuke gani. Shekara talatin da biyar ina koya wa yara cewa babu abin da ya kai gumin halak daraja. Ni tun ranar farko na ga alama, kunnuwan nan ba na tafinta ba ne."

"Yaushe ne bikin?" wata 'yar jarida ta tambaya.

"Watan gobe," in ji Hedimasta ba tare da ya dubi kowa ba. "Ki rubuta sunana daidai, bari in faɗa miki harafi-harafi." Ya zaro takardar aljihunsa, kuma daga ƙarshe dai sai da ya yi jawabin nan, minti ashirin da biyar, har lemo ya ƙare.

Kafin rana ta faɗi jama'a sun watse. Hedimasta ya tafi da farfesa yana ba shi labarin kakanninsa, saurayi ya raka Auta da uwarta bakin titi neman mota. Leburori na tattara kofuna. Mai zane ta kawo farin kati da biro, Kafinta ya durƙusa ya rubuta sunan mahaifinsa da manyan baƙaƙe, a hankali, harshe a gefen baki. Biyar ɗin suka rage farare.

Ta zauna a ƙasa kusa da shi ta kunna na'urar ɗaukar murya.

"Baba, ka taɓa jin wani abu game da tafiyar nan? Ko kalma ɗaya?"

"Kalma ɗaya?" Ya yi 'yar dariya. "Ai Baba in ya fara labarin baho sai dai a kira salla. In ruwa ya sauko kowa ya jiƙe sai shi, yana ƙarƙashin baho. In an zo rafi, a ciki yake zuba kayan sauran ya tura. Ya ce rannan Bature ya tafi harbi, shi kuwa ya dafa ruwa ya shige ciki da sabulun Bature ya yi wanka har da waƙa, sannan ya bar masa ruwan. Bature ya dawo ya shiga, ya ce bai taɓa jin ruwa mai laushi irin na ranar ba. Ina jin dariyar da yake yi a hoton nan ke nan."

Mai zane ta yi dariya har ta share ido. Ta ɗaga kai ta dubi saurayin da ke bango.

"Dubi irin mutumin da Turawa suka rufe wa baki," ta ce. "Shekara da shekaru shiru, sai yau."

Kafinta ya juya biron a hannunsa. Ya tuna falonsa na farko, da kujerun da ya ƙera da kansa, da yadda in an yi sallama yakan tashi da sauri ya kama hannun tsohon ya ce Baba zo ka huta a ciki. Tsohon yakan tafi ba musu, yana jan silifas, labarin a rabi. A shekarunsa na ƙarshe ba sai an kama hannunsa ba, da ya ji muryar baƙo yake miƙewa da kansa. Kunya ta kama Kafinta, irin wadda bai ji ba ko a gaban makirfo.

"Na'urar nan tana ɗauka?" ya tambaya.

"Tana ɗauka, Baba."

"To ki gyara wajen nan. Bature bai taɓa hana shi magana ba. Ni ne."